Yadda ƙungiya za ta zaɓi manhajar rajistar membobi da kuɗin wata

Yawancin ƙungiyoyinmu a Garwa, Marwa, Gaundare, Kuseri da Njamena da littafi ɗaya suke aiki: babban littafi mai baƙin bango a hannun ma'aji, sai zauren WhatsApp a hannun sakatare. Muddin membobi ba su wuce arba'in ko hamsin ba, wannan ya wadatar, kuma babu dalilin taɓa shi. Matsala tana farawa ne ranar da aka kai ɗari biyu, aka buɗe reshe a wani gari, wasu na biya hannu da hannu wasu ta waya, sannan babban taro ya matso aka rasa wanda zai faɗi da tabbaci su wa suka cika kuɗinsu har suke da ikon jefa ƙuri'a. A nan ne ake fara maganar manhaja, kuma a nan ne ake yawan yin cinikin biri a sama.

Manhaja ba ta gyara rajistar da ta rikice. Abin da kuka zuba mata shi za ta maido muku. Saboda haka matakai uku na farko kafin a zaɓi manhaja za a yi su.

Mataki na 1: ku mai da dokokinku lambobi

Ku ɗauko tsarin mulkin ƙungiya da dokokin cikin gida, waɗanda kuka kai ofishin prefe lokacin rajista. A Kamaru, ƙungiyoyi na gama-gari suna ƙarƙashin doka mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990, ƙungiyoyin haɗin gwiwa na manoma da ake kira GIC kuma ƙarƙashin dokar 14 ga Agusta 1992. A Chadi dokar 2018 ce ke aiki. Ku zauna ku uku, shugaba da sakatare da ma'aji, ku amsa waɗannan tambayoyi a rubuce. Nawa ne kuɗin shiga, kuma sau ɗaya ake biya ko ana sabuntawa? Nawa ne kuɗin wata? Wata nawa mutum zai yi bai biya ba kafin a dakatar da shi? In ya dawo, bashin baya zai fara biya ko daga ranar da ya dawo za a ci gaba? Dattawan da aka yafe wa biya, da matan da mazansu suka rasu suka gaji gurbinsu, a wane aji suke? Shekarar ƙungiya daga Janairu take farawa, ko daga bayan girbi, ko daga bayan Sallah?

Za ku yi mamakin yadda mutum uku da suka shekara goma tare za su ba da amsa uku a kan tambaya ɗaya. Duk inda aka saɓa, a kai wa babban taro ya yanke, a rubuta a takardar bayanin taro. Manhaja tana buƙatar amsa guda: wata uku ko wata shida. "Ana duba halin mutum" ba ya shiga kwamfuta.

Mataki na 2: wanke rajista

Wannan ne aiki mafi cin rai, kuma shi ne rabin nasara. Ku buɗe teburin Excel ko LibreOffice Calc, kowane memba layi ɗaya, kowane bayani gurbinsa daban.

Gurbin farko shi ne lambar memba, kuma ita ce ginshiƙin komai. Ku ba kowa lambar da ba za ta taɓa sauyawa ba, misali GRW-0001 na reshen Garwa, MRW-0001 na Marwa. In mutum ya rasu ko ya fita, lambarsa ta tafi da shi, ba a ba wani. Dalili kuwa sunayenmu ne. A ƙungiyar mutum ɗari biyu ba a rasa Alhaji Umaru huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu a katin ɗan ƙasa an rubuta shi Oumarou, a littafin ma'aji Umaru, a asusun wayarsa kuma sunan ƙanensa ne ke fitowa. Haka Mahamat da Muhammadu da Mamman, haka Aïssatou da A'isha. Saboda haka ku yi gurbi uku: suna yadda yake a katin ɗan ƙasa harafi da harafi, sunan uba, da sunan da aka fi sanin mutum da shi a kasuwa ko a unguwa. Manhajojin Turai da Amurka sun ginu a kan sunan yanka da sunan dangi, wasu ma ba sa yarda a bar gurbin sunan dangi fayau. Ku yanke tun yanzu cewa sunan uba ne zai shiga wurin, kowa ya bi haka.

Ranar haihuwa wani tarko ne. Dattawa da yawa takardunsu shekara kaɗai suka nuna, an rubuta an haife su wajajen 1958 ko 1965, ba rana ba wata. In manhaja ta tilasta a sa rana, ku sa 1 ga Janairu na wannan shekarar, ku ƙara gurbin da ke nuna cewa kintace ne. In ba haka ba, wata rana manhajar za ta aika wa dattawa sittin saƙon murnar ranar haihuwa da safiyar sabuwar shekara, ku biya kuɗin saƙon.

Lambar waya a rubuta ta da lambar ƙasa: 237 da lambobi tara ga Kamaru, 235 da lambobi takwas ga Chadi, 234 ga masu layin Najeriya. Ƙungiyar da ke Kuseri ko Njamena za ta sami membobi masu layin ƙasa biyu, don haka a tanadi gurbin waya biyu. Kafin ku fara bugawa, ku mai da gurbin ya zama na rubutu, ba na lissafi ba. Lambar Kamaru da 237 a gabanta lambobi 12 ce, kuma Excel yana nuna irin wannan doguwar lamba a dunƙule kamar 2,38E+11. In aka adana fayil ɗin a matsayin CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake kwasar tebur da shi daga manhaja zuwa manhaja, a haka, lambobin ƙarshe sun tafi ke nan. Ku kuma lura da masu waya ɗaya: mata biyu na gida ɗaya, ko uba da ɗansa. Manhajar da ke ɗaukar lambar waya ko adireshin imel a matsayin shaidar mutum za ta ƙi karɓar na biyun, ko ta haɗe su ta mai da su mutum ɗaya. Manhajar da ta ce dole kowane memba sai da imel, ku ajiye ta gefe tun daga nan.

Bayan an gama, a jera sunaye bisa haruffa a nemo masu maimaituwa, sannan a karanta jerin a gaban taro, kowa ya ji sunansa da bashin da ake binsa. A gama jayayya a wannan zaman, kafin lambar ta shiga manhaja.

Mataki na 3: ku bi sawun kuɗi

Ku zana a takarda duk ƙofar da kuɗi ke shigowa. Galibi huɗu ce: hannun ma'aji ranar taro, hannun mai zagaya rumfuna yana karɓa, wayar salula, da banki in akwai asusu. A Kamaru wayar tana nufin MTN Mobile Money da Orange Money, a Chadi kuma Airtel Money da Moov Money. Manhajar da za ku zaɓa dole ta iya rubuta biya daga kowace ƙofa, ta nuna wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa, ta fitar da rasit mai lamba a jere.

Kuɗin waya yana da sharuɗɗansa. Na farko, layin da ake turo wa kuɗi ya zama na ƙungiya. Ku je ofishin kamfanin waya da takardar rajistar ƙungiya ku nemi asusun karɓar kuɗi na 'yan kasuwa ko na ƙungiyoyi. In kuɗin membobi na faɗawa layin ma'aji, yana cakuɗuwa da kuɗin cefanensa, kuma ko mutumin kirki ne sai an zarge shi. Na biyu, kowane turi yana zuwa da lambar shaida a cikin saƙon da kamfani ke aikowa. Manhaja ta kasance da gurbin wannan lamba, kuma ta ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Wannan ne ke hana a turo hoton saƙo ɗaya a Janairu a sake turo shi a Maris. Na uku, wanda ya turo ba lallai shi ne memban ba. Ɗa yana biya wa mahaifiyarsa daga Duwala, ko mutum ya ba mai rumfar tura kuɗi ya tura masa. Sai manhaja ta bambanta mai biya da wanda aka biya wa. Na huɗu, ku yanke wanda zai ɗauki kuɗin turawa da na cirewa. A Kamaru tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan tura kuɗi da cire su ta waya, ban da ladan kamfani. Abin da memba ya tura da abin da ma'aji ya riƙe a hannu bayan cirewa ba su taɓa zama ɗaya ba, kuma bambancin dole ya sami gurbinsa a lissafi.

Sai rabe-raben asusu. Kuɗin wata daban, tarar makara daban, gudummawar rasuwa ko biki ko suna daban, adashi daban, rancen da aka ba memba daban. Yawancin manhajojin waje kuɗin shekara da kyautar masu taimako kawai suka sani. Adashi kuwa, inda kowa ke zubi kuma kwasa ke zagayawa, ba kuɗin ƙungiya ba ne, amana ce ke wucewa ta hannunta. In manhaja ba ta iya ware shi, ku bar shi a tebur na daban. Kada ku tura shi cikin kuɗin da ƙungiya ke samu, don zai kumbura rahoton shekara da kuɗin da ba naku ba.

Haka kuma mutanenmu ba sa biya daidai da kalanda. Manomin albasa ko na auduga yakan biya na wata takwas lokaci ɗaya bayan ya sayar, ɗan kasuwa yakan ba da rabi ya ce sauran sai mako mai zuwa. Manhajar da ba ta karɓar biyan rabi da biyan gaba za ta sa ma'aji ya koma littafinsa cikin wata biyu.

Wani ƙaramin abu mai haddasa babbar rigima: a baki muna ƙirga da dala, a Chadi da riyal, kowanne sefa 5 ne. Memba zai ce ya ba da ɗari, yana nufin sefa 500. Ku kafa doka cewa a manhaja da rasit sefa kawai ake rubutawa. Wajen saita kuɗi ku zaɓi XAF, sefar Afirka ta Tsakiya. XOF ta su Nijar da Benin ce. Ku duba kuma yadda manhajar ke karanta ɗigo da waƙafi: wanda ya saba da rubutun Faransanci zai buga 1.500 yana nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, manhajar da ke kan saitin Ingilishi ta karanta ɗaya da rabi.

Mataki na 4: ku san irin manhajojin da ke akwai

Mafi sauƙi shi ne teburin lissafi: Excel, LibreOffice Calc wanda kyauta ne, ko Google Sheets da ke ba mutum biyu damar aiki a fayil ɗaya kuma yana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi. Ƙungiyar da ba ta wuce mutum 150 ba, mai reshe ɗaya da ma'aji ɗaya, wannan ya ishe ta, kuma kada wani ya kunyata ku a kai. Shafi uku ake buƙata: na membobi, na biya inda kowane biya layi ɗaya ne ɗauke da lambar memba, da na rahoto mai tara wa kowa jimillarsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera watanni 12 a gaban kowane suna ana cikewa, kamar littafi. Hakan ba ya nuna ranar biya, ba ya nuna mai karɓa, kuma in aka goge lamba ba wanda zai sani.

Na biyu su ne manhajojin da aka yi don ƙungiyoyi, waɗanda ake saukewa kyauta a ɗora a kwamfuta ko a sabar haya, wato kwamfutar da ake haya a intanet don riƙe manhaja. Dolibarr yana da sashen membobi da ke riƙe ajin memba, kuɗin da ya biya, ranar ƙarewar wa'adinsa da buga katin shaida, yana aiki da Faransanci, kuma akwai nau'insa mai suna DoliWamp da ake sa wa kwamfutar Windows ɗaya ya yi aiki ba intanet. Paheko, wanda a da ake kira Garradin, ya haɗa rajista da lissafin kuɗi, sai dai an tsara lissafinsa bisa tsarin ƙungiyoyin Faransa, don haka sai akanta ya daidaita shi. Galette rajista da kuɗin memba kaɗai ya sa a gaba, shi ya sa bai da nauyi. CiviCRM ya fi su duka faɗi, yana hawa kan shafin intanet na WordPress, Drupal ko Joomla, amma in ba ku da masanin da zai riƙa kula da shi duk wata, nauyi ne kuka ɗauko wa kanku. Kyautar waɗannan a kuɗin lasisi ta tsaya. Ɗorawa, sabuntawa da ajiyar kwafi duk aikin wani ne, kuma wannan wanin sai an biya shi.

Na uku su ne na haya a intanet, ana biya duk wata ko duk shekara, irin su AssoConnect na Faransa da Wild Apricot, wanda farashinsa ke hawa gwargwadon yawan sunayen da kuka zuba. Suna da kyan gani, amma ƙarfinsu yana wajen karɓar kuɗi da katin banki da aika imel, abubuwa biyu da membobinmu ba su cika amfani da su ba. HelloAsso na ƙungiyoyin da ke da rajista a Faransa ne. Da yawa kuma ta Stripe, kamfanin karɓar biya ta intanet, suke karɓar kuɗi, shi kuwa ba ya buɗe asusu ga ƙungiyar Kamaru ko Chadi. Sai ku tarar kuna biyan cikakken farashi kuna cin rubu'in amfanin.

Na huɗu ita ce manhajar da wani matashi ko ƙaramin kamfani na gida zai gina muku. Amfaninta a fili yake: za ta san adashi, ta san Orange Money, ana iya haɗa ta da masu tattara biyan waya irin su CinetPay ko Campay don biya ya shiga rajista da kansa. Haɗarinta shi ne mutum ɗaya ne ya san cikinta. In ya sami aiki a Yawunde ya canza layi, kun zauna. In za ku bi wannan hanya, yarjejeniya ta ƙunshi cewa ainihin rubutun manhajar, sunan shafin da asusun sabar duk da sunan ƙungiya suke, kuma kashi na ƙarshe na kuɗinsa sai bayan wata uku ana aiki da ita.

KoboToolbox ba manhajar membobi ba ce, ta tattara bayanai da fom ce, amma tana da amfani a gefe ɗaya: da KoboCollect a wayar Android ana cike fom a ƙauye ba sabis, har da hoto, in an dawo gari a tura. Ta dace da yi wa membobi rajistar farko. Ba ta riƙe bashi da biya wata bayan wata, don haka kada a ɗora mata aikin ma'aji.

Mataki na 5: wuta, sabis da saƙo

Ku tambayi mai tallar manhaja abu ɗaya: ranar taro, in babu wuta babu sabis, me ma'aji zai yi? In amsar ita ce ya jira, to ko dai ku nemi wata, ko ku riƙe littafin rasit mai kwafi biyu a matsayin madogara, a shigar da shi cikin kwana biyu. Ku gwada ta a ƙaramar wayar Android irin wadda ma'ajinku ke riƙe da ita, ba a kwamfutar mai talla ba. Kwamfutar da za ta zauna a ofis kuma a tuna da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu. Ta hannu mai batir ta fi ta tebur.

Wajen sanarwa, kada ku dogara da WhatsApp kaɗai. Jerin aikawa na bai-ɗaya yana tsayawa a mutum 256, kuma saƙon yana isa ga wanda ya adana lambarku kawai. Mutanen Chadi kuma ba su manta rufe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 ba. Gajeren saƙon tes yana shiga kowace waya. Sai dai ga abin da ba kowa ya sani ba: saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da zarar ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ ta shiga, sai ya koma 70. Saƙo mai harafi 150 da ƙ guda ɗaya a ciki za a caje ku kuɗin saƙo uku. A saƙon tunatarwa ku rubuta da haruffa marasa lanƙwasa, kowa zai gane. A rajista kuwa ku gwada buga Ɗanladi da Ɓaidu, ku fitar da fayil ku ga ko sun dawo lafiya ko sun zama alamar tambaya. In sun lalace, a nemi saitin haruffa mai suna UTF-8.

Mataki na 6: lissafin abin da za ta ci

A yi lissafin shekara uku, ba na wata ɗaya ba. Ga misali. Ƙungiya mai mutum 240, kowa sefa 500 a wata, a takarda tana tara 1,440,000 a shekara. In kashi 60 cikin 100 ne ke biya, abin da ke hannu 864,000 ne. A ce hayar manhaja yuro 25 ce a wata. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, canjin da ba ya motsi, wato kusan 16,400 a wata, kusan 197,000 a shekara. Sama da kashi 22 cikin 100 na kuɗin ƙungiya ke nan, tun ba a sa data, saƙonni, ladan mai horarwa da kuɗin da banki ke cira a biyan waje ba. In farashin da dalar Amurka ne, canjin ma yana hawa yana sauka. A ganinmu duk abin da ya haura kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ke shigowa da gaske ya yi tsada, sai fa in wani mai tallafi ne zai biya, shi ma a tambaya wa zai ci gaba da biya ranar da tallafin ya ƙare.

Mataki na 7: gwaji da mutanenku

Ku tace zaɓi ya koma biyu, ku ba kowanne mako biyu. Ku ɗauki membobi 30 daga rajistar da kuka wanke, ku zaɓo masu wuyar sha'ani da gangan: masu suna iri ɗaya, masu waya ɗaya, wanda ake bi bashin wata bakwai, wanda ya biya gaba, wanda aka yafe wa, wanda ya rasu. Ma'aji da sakatare ne za su riƙe wayar, mai talla ya zauna gefe ya naɗe hannu.

Su shigar da sabon memba, a duba agogo. In ya wuce minti uku, ranar taro layi zai kai bakin titi. Su rubuta biyan rabi. Su yi kuskure da gangan, su sa 5,000 a maimakon 500, sannan su gyara. Nan ne za ku gane manhajar kirki: ba ta barin a goge biya ya ɓace, sai dai a soke shi, tsohon rubutun ya zauna da sunan wanda ya soke da ranar. Su fitar da jerin waɗanda suka cancanci zaɓe a yau, da jerin masu bashin fiye da wata uku, da jimillar abin da kowane mai karɓa ya tara a makon. Su buga rasit da katin memba. A ƙarshe su fitar da komai, membobi da tarihin biya gaba ɗaya, zuwa Excel ko CSV, a buɗe a wata kwamfutar a ƙirga layuka. In fayil ɗin ya buɗe duk bayanai a cunkushe a gurbi ɗaya, yawanci saɓanin waƙafi ne: Excel na Faransanci yana raba gurabe da waƙafi mai ɗigo, na Ingilishi da waƙafi zalla, kuma ana gyara wannan wajen shigo da fayil. Amma in manhajar sunaye kawai take bayarwa ta riƙe tarihin biya, ko sai an biya kafin a fitar, kada ku shiga gidan da ba ƙofar fita.

Mataki na 8: makullai da doka

A buɗe asusun da imel na ƙungiya, ba na sakatare ba. Kowane jami'i da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa. Ma'aji ya rubuta kuɗi, sakatare ya gyara bayanan membobi, shugaba da mai binciken kuɗi su gani ba tare da ikon taɓawa ba, shugaban reshe ya ga reshensa kawai. Babban makulli, wato kalmar sirrin da ke da iko da komai, ya kasance a hannun mutum biyu, a kuma rubuta shi a rufe a ambulan a ajiye inda takardun rajista suke. Rikicin da ya fi kashe irin wannan aiki yana zuwa ne bayan zaɓe, lokacin da tsohon jami'i ya faɗi ya tafi da kalmar sirri. Ku sa miƙa makullai cikin takardar miƙa mulki, a sauya kalmomin sirri a ranar.

Bayanan membobi amana ce, kuma yanzu doka na bibiyarta: Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024, Chadi tana da tata tun 2015. Ku karɓi abin da kuke buƙata kawai, ku sa layi a fom ɗin shiga inda memba zai yarda da sa hannu ko dangwale, kuma kada a watsa jerin masu bashi da lambobin wayarsu a zauren WhatsApp, ko a miƙa wa ɗan siyasa rajista lokacin kamfe. Ta fuskar lissafi, Kamaru da Chadi duk suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya, wadda tsarin lissafinta na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, SYCEBNL, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Ya tanadi rajistar masu ba da kyauta, yana kuma da sassauƙan tsari ga ƙananan ƙungiyoyi. In kuna karɓar tallafi daga waje, ku nuna wa akantanku rahoton da manhajar ke fitarwa kafin ku biya ko sisi.

Ajiyar kwafi kuwa duk mako, wuri biyu: ɗaya a filashi da ke kwana a gidan da ba na mai kwamfutar ba, ɗaya a intanet. Sau ɗaya a wata uku a buɗe kwafin a tabbatar yana buɗuwa.

Mataki na 9: ƙaura

Ku zaɓi farkon shekarar ƙungiya ko washegarin babban taro. Kada ku kwashe tarihin shekara goma. Ku shigar da kowane memba da bashinsa ko rararsa ta wannan ranar, kamar yadda aka karanta a taro aka amince, tsoffin littattafai kuma a adana su. Wata uku na farko a tafi da littafi da manhaja tare. Ƙarshen kowane wata ma'aji da mai binciken kuɗi su gwada abu uku: jimillar manhaja, jimillar littafin rasit, da kuɗin da ke akwati haɗe da na asusun waya da na banki. In sun saɓa, a nemo dalili a ranar, galibi kuɗin cirewa ne da ba a rubuta ba ko biyan da aka sa wa Umarun da ba shi ba. In wata uku a jere sun yi daidai, a rufe babban littafi a sa hannu a shafinsa na ƙarshe, amma littafin rasit ya ci gaba da zuwa taro. Kuma kowane aiki a koya wa mutum biyu, domin ma'aji ma yana tafiya Hajji, yana kuma kwanciya rashin lafiya.